Zuwa ga Auta, kan fim ɗin da ka turo mini

Haɗeja, Jihar Jigawa.



Auta, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Inna tana gaishe ka ƙwarai, yara kuma sun ishe ni da tambayar yaushe Kawu zai dawo daga Kano. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda na san halinka a waya: da na ɗauko maganar da ba ka so, sai ka ce sabis ya ɗauke. To ga takarda, sai ka nemi wata dabarar.

Ka ce in kalli fim ɗin, zan gane dalilin da ya sa ka daina ɗaga wayar yarinyar nan da za ka aura. Na kalla har ƙarshe, na gane abin da kake nufi, kuma ban yarda da kai ba. Amma tunda da fim ka kawo hujjarka, ni ma ta fim zan fara ba ka amsa.

Da farko na ɗauka irin fassarar Algaita ce, sai na tarar tsohon fim ne da harshen Tamil, Vaazhvey Maayam na 1982, ana bin rubutun fassara a ƙasa, ga idona da ya fara neman tabarau. Kamal Haasan yana kan ganiyar samartakarsa, Sridevi kuwa tun kafin Himmatwala na 1983 ya mai da ita sarauniya a Bombay. Bari in maimaita maka labarin yadda ni na gan shi, don ka ji shi a bakin mace. Raja ɗan masu hali ne, Devi ma'aikaciyar jirgin sama. Ya bi ta, ta ƙi shi, ya nace har ta sauko. Magana ta yi nisa, biki ya matso, sai likita ya gano ciwon daji a jikinsa. Maimakon ya faɗa mata, sai ya rungumi kwalba, ya tare a wurin wata mai zaman kanta, wadda Sripriya ta fito a matsayinta, don dai Devi ta gani da idonta ta tsane shi. Ta tsane shi kuwa, ta auri wani. Gaskiya ba ta iso kunnenta ba sai da bakin alƙalami ya bushe.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi hawaye. Kiɗan Gangai Amaran, ƙanen Ilaiyaraaja, ba ya barin zuciya ta zauna lafiya, kuma Kamal Haasan ya iya murmushin mutumin da ke haɗiye kuka. Mu kuwa dama an raine mu a kan irin wannan kuka. Kai ba ka riski lokacin ba, amma mu da muka taso Haɗeja tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, mun san yadda unguwa take yin tsit idan an sa fim ɗin Indiya a talabijin, a cika falon mai akwatin har bakin ƙofa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi ya nuna cewa NTA Kano kaɗai ta haska finafinan Indiya sama da dubu tsakanin 1977 da 2003. Kafin nan ma Kwarori masu gidajen silima sun daɗe suna kawo su Kano. Abin ya shiga jininmu har muka raɗa wa 'yan wasansu sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. 'Yan bandiri suka ɗauki karin waƙoƙinsu suka yi begen Manzon Allah da shi, marubutan littattafan soyayya da 'yan fim na Kano suka sha daga wannan rijiya. Don haka ban ga laifinka ba da ka nemi kanka a cikin fim ɗin Indiya. Kowa a gidanmu ya taɓa yin haka.

Sai dai ka sani, labarin nan haja ce da aka daɗe ana sayarwa. Asalinsa fim ɗin Telugu ne, Premabhishekam, wanda Dasari Narayana Rao ya yi a 1981 da Akkineni Nageswara Rao, kuma Sridevi ce dai a can ma. Da ya kawo kuɗi sai Madras ta juye shi a 1982, Bombay ta juye a 1983 da suna Prem Tapasya, da Jeetendra da Rekha da Reena Roy. Bayan shekara 20 Shah Rukh Khan ya dawo da irinsa a Kal Ho Naa Ho na 2003, wanda ka haddace kana ƙarami: can ciwon zuciya ne, ƙaryar kuma ita ce wai yana da mata. Masu zuba jari sun gano cewa namijin da ya yi ƙarya don ya mutu shi kaɗai yana cika silima. Wannan ilmin kasuwa ne, kuma sun ƙware a kai. Ba shawara ba ce ga mai jinya.

Yanzu ka sake kallon fim ɗin, amma ka ɗauke idonka daga kan Raja. Kyamara tana manne da shi, don haka mai kallo ba ya tambayar sauran. Ni Devi na yi ta kallo. An tashi fim, an kunna fitilu, kowa ya share ido ya tafi gida, ita kuwa da sauran rayuwa a gabanta. Za ta kwana ta tashi da sanin cewa ta zagi mutum yana bakin kabari, ta juya masa baya a lokacin da ya fi bukatarta, kuma ba da zaɓinta ba. Shi ya tsara mata wannan nadamar, ya miƙa mata a matsayin kyauta. Ga mijin da ta aura, wanda zai zauna da matar da fushi ya kawo ta ɗakinsa. Ga kuma ita mai zaman kan nan. Ka lura wa ya yi jinyar Raja? Ita ce. Ashe gwarzon naka bai iya ciwo shi kaɗai ba, sai da ya samu macen da za ta riƙe shi. Abin da ya yi kawai shi ne ya hana wadda yake so wannan matsayi, ya ɗora wa wadda yake ganin ba ta da abin asara. Shi kaɗai ya tafi da sunan sadaukarwa, mutum uku ya bar wa biyan bashin.

Kuma ciwon fim ciwo ne mai tsafta. Tari kaɗan, ɗigon jini a farin hankici, sai waƙa. Babu layin karɓar kati, babu neman jini da tsakar dare, babu mai wanke fo, babu takardar kuɗin magani. Kai da kake kwanciya awa huɗu a jikin injin wankin ƙoda ka fi ni sanin nisan da ke tsakanin wancan da wannan.

Tunda Tamil ɗin kake so, akwai wanda ya girmi naka da shekara 20, kuma a ganina ya fi shi hankali. Sunansa Nenjil Or Aalayam, na 1962, wanda C. V. Sridhar ya rubuta ya ba da umarni. Mu ta Hindinsa muka san shi, Dil Ek Mandir na 1963, da Rajendra Kumar da Meena Kumari da Raaj Kumar. Marigayi Baba yana da kaset ɗinsa, shi ne wanda ba ya yarda a ara wa maƙwabta. Na Tamil ɗin fari da baƙi ne, kusan dukkansa a cikin asibiti ɗaya, kuma cikin ƙasa da wata guda aka ɗauke shi, amma ya ci lambar gwamnatin Indiya ta fim ɗin Tamil mafi kyau na shekararsa. Wata mata, Seetha, ta kawo mijinta Venu asibiti da ciwon daji, sai ta tarar likitan da zai duba shi, Murali, tsohon masoyinta ne da aka raba su. A nan babu mai ɓoye ciwo. Matar ta sani, tana gefen gadon mijinta dare da rana. Da mijin ya gano abin da ya taɓa shiga tsakaninta da likitan, sai ya roƙi alfarma: idan ya mutu, likitan ya aure ta. Ita kuwa ta ƙi ji ta ƙi gani. Ka ga shi ma ya so ya yanke mata hukunci, irin halinku na maza, amma da yake a gabanta aka yi, ta samu bakin cewa a'a.

Ka tuna ƙarshensa? Likitan ya hana idonsa barci yana shirin aikin, don kada a ce ya bar kishiyarsa... to, ku maza ba ku da kishiya, don kada a ce ya bar abokin takararsa ya mutu da gangan. Aka yi aiki, aka dace, majinyacin ya tashi. Likitan, lafiyayye, shi ne ya faɗi ya mutu. Sridhar ba Musulmi ba ne, amma a nan ya faɗi abin da Inna take faɗa kullum, cewa cuta ba mutuwa ba ce, sai kwana ya ƙare. Sau nawa muka raka masu jinya makwanci, majinyacin yana zaune yana karɓar gaisuwa? Kai da ka riga ka rubuta wa kanka ranar tafiya, har kana rabon gadon budurwa, wa ya nuna maka littafin?

Akwai kuma abin da na tabbata ba ka lura da shi ba, domin sai mace za ta lura. Me ya sa mazan finafinan nan suke firgita haka da barin mace a baya? Saboda abin da zawarci yake nufi a al'adar Hindu ta wancan zamani, musamman a manyan gidaje. Matar da mijinta ya mutu za a cire mata abin wuyan aure, a goge jan ɗigon goshinta, a raba ta da ado, a riƙa gudun ta a wurin biki kamar mai ɗauke da baƙin jini. Doka ta halatta mata sake aure tun 1856, amma al'ada ta daɗe ba ta bi dokar ba. Don haka idan Raja ya ce yana tsare Devi daga zama matar mamaci, mai kallo a Madras ya san girman ramin da ake nufi. Mu fa? Takaba wata huɗu da kwana goma ce, ta fita, ta yi lalle, manema su zo. A layinmu kaɗai ka ƙirga matan da suka yi takaba suka sake aure suka hayayyafa. Uwar Muminai Nana Khadija bazawara ce lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aure ta. Ka aro tsoron wasu mutane ka saka, ko gwada shi a jikinka ba ka yi ba.

Abin da ya kamata ka ji tsoro a garin nan daban ne. Raja a babban birni yake, ya ɓata sunansa ya shige cikin taro. Kai ɗan Haɗeja ne. Maganar da aka yi a Kasuwar Kuda da hantsi, kafin la'asar ta kai Matsaro ta dawo ta Dubantu. An kai kuɗin gaisuwa, manya sun zauna, an sa rana, akwatunan lefe biyu suna ɗakin Inna. In ka ce ka samu wata a Kano, kamar yadda ka gaya mini kana shirin yi, kana jin kai za a zaga? Kwana biyu za a yi ana cewa yaron ba shi da kirki, daga nan sai a koma kanta: me ya gani a jikinta ya fasa? Wannan tambayar za ta riga duk wani manemi isa ƙofar gidansu. Baffa, wanda ya cire hularsa a zauren mahaifinta ya nema maka aure, da wane ido zai sake haɗa sahu da shi a masallaci? Kuma ƙaryar ba za ta yi tsawon rai ba. Da yawa cikin masu zuwa wankin ƙoda a Kano mutanen yankinmu ne ko 'yan rakiyarsu. Wani zai gan ka, da hannunka da aka yi wa aikin jijiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai ta ji a bakin duniya, ta haɗa baƙin ciki biyu.

Na san za ka ce mini ai ko a littafi an hana mara lafiya aure. Na riga ka zuwa nan. Gaskiya ne, a Risala da muka karanta a zauren Malam, mazhabar Malikiyya ba ta yarda da auren wanda yake cikin ciwon ajali ba, kuma babban dalilin da malamai suke kawowa shi ne shigo da sabon magaji a kan magada. Amma ko wanda yake zuwa wanki da ƙafarsa, yana fita aikinsa, yana jiran dashe, ya shiga wannan babi ko bai shiga ba, wannan hukunci ne da malami zai yanke bayan ya ji bayanin likita. Ba kai za ka yanke shi kai kaɗai a kan gado da waya a hannu ba. Sannan ka duba babin aibobin da ake mayar da aure saboda su, irin su hauka da kuturta. Ruhin babin gaba ɗaya shi ne a bayyana, wanda abin ya shafa ya zaɓa: in ya yarda ya zauna, in bai yarda ba ya tafi. Ko Jihar Kano da kake zaune a ciki ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwajin lafiya kafin a ɗaura aure. Addini da hukuma duk sun nufi wajen a sani. Babu inda na taɓa jin an ce ka ɓata sunanka da ƙarya, ka sa baiwar Allah ta tsane ka, wai don ka tausaya mata.

Bari mu zo kan ciwon kansa, domin na ga kana ambatonsa kamar wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Ba kai ka fara ba, kuma abin takaici ba kai ne na ƙarshe ba. Duk wanda ya zauna a wannan kwari, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, har a bi ruwa a gangara Gashuwa a Jihar Yobe, ya san ciwon ƙoda ya yi mana yawa. Gida nawa ne a unguwarmu ba su taɓa kai wani wanki ba? Masu bincike suna ta auna ruwan rijiyoyi da na kogi da jinin mutane. Ana zargin hawan jini da ciwon suga da ba a gano su da wuri, ana zargin magungunan feshi da takin da muke zubawa a shinkafa da alkama da kayan lambu, da aikin fadama cikin zafin bazara ba tare da shan isasshen ruwa ba, da ƙwayoyin kashe ciwon jiki da manoma da masunta suke sha kamar gyaɗa, da jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba. Yawan masu ciwon ne ya sa aka buɗe sashen wankin ƙoda a Babban Asibitin Haɗeja, don a rage wa mutane jigilar Kano.

Wanki wahala ne, ban raina ba. Sau biyu ko uku a mako, ga kasala bayan an sauko, ga awon ruwan sha kamar turare, ga rabuwa da gishiri da kanwa da dunƙulen miya, wanda na san shi ya fi ci maka rai. Kuɗi kuma yana tafiya kamar ana zuba shi a rijiya. Amma mutane suna shekaru a kansa, suna kasuwa, suna koyarwa. Sannan akwai ƙofar da Raja bai samu ba: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002. Wanda aka yi wa dashe zai riƙa shan maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar har iyakar rayuwarsa, da zuwa ganin likita a kai a kai, amma yana komawa rayuwarsa, har da aure da haihuwa in Allah Ya nufa. Ciwon ɗan fim ɗinka marubuci ne ya rufe masa kowace ƙofa, don in ya bar guda a buɗe babu fim. Kai ba marubuci ne ya rubuta ka ba.

Ka tuna daminar 2022, lokacin da ruwa ya cinye gonaki daga Ringim har Guri, garin nan ya kwana a tsaye? Kana cikin samarin da suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna tare jinga, kuna kwana da tocila a bakin ruwa. Ruwan da aka sako daga Tiga da Challawa ya haɗu da na sama, kacalla ta toshe hanyoyin da zai bi ya wuce, sai ya juyo kan gari. Kai da bakinka ka ba ni labari cewa dokar wurin guda ce: duk wanda ya ga jinga tana tsiyaya a gefensa, ya yi ihu. Ba a son jarumin da zai dafe ɓaraka da tafin hannu ya yi shiru don kada ya tayar wa mutane hankali, domin irinsa ne yake jawo a wayi gari ruwa a tsakar gida. Abin da kake yi da mu ke nan, da ita, har da Inna, wadda kake ce wa gyambon ciki ne alhali ta riga ta gane, tana dai kama bakinta ne don kada ta karya maka gwiwa.

Na san abin da yake cin ka a ƙasan duk wannan, ko ba ka faɗa ba. Ba ka son ta gan ka a kwance. Ka saba kai ne mai kawo tsaraba, mai gyara zaman hula kafin ka yi sallama, yanzu kuma ƙafa tana kumbura, fuska ta canza. Kana tsoron ranar da za ka ga tausayi a idonta a inda ka saba ganin so. Wannan ba sadaukarwa ba ce, Auta, kunya ce da girman kai, kuma ban zarge ka ba, ɗan Adam ne kai, Bahaɗeje kuma. Mutanen da Sarki Buhari ya yi shekaru yana ja da Sakkwato a gabansu, Sarki Muhammadu ya tsaya wa Turawa a 1906 har ya yi shahada, ba a koya musu taurin kai. Amma su a fili suka yi nasu, kowa yana gani.

Ba na yi maka alkawarin za ta ce ta ji ta gani. Yarinya ce, tana iya jin tsoro, kuma tana da haƙƙin ta ji. Mahaifinta yana iya cewa a dakata sai an ga yadda jiki ya yi, yana iya cewa a mayar da kaya. In haka ta faru za ta yi ciwo, za mu sha shi tare, kuma ba wanda zai zage su a gabana, domin ba kowa Allah Ya ɗora wa ƙarfin jinya ba. Amma a rabu a kan gaskiya, ana gaisawa, ana yi maka addu'a a gidansu, ya fi a rabu ana tsine maka. In kuma ta ce za ta zauna, to ba ka da ikon hana ta ladan da matar Annabi Ayyuba ta samu. Ta zo gidan nan ran Juma'a, wai ta kawo wa Inna zogale. Ta rame. Ba ta tambaye ni komai ba, kunya ba za ta bar ta ba, sai da za ta tafi ta ce, "Yaya, in wani laifi na yi masa, ki ba shi haƙuri." Na rasa inda zan sa fuskata. Ita tana can tana binciken laifinta, kai kana can kana kallon Kamal Haasan.

Da nake neman bayani a kan finafinan nan na ci karo da labarin wata mata a can Madras ɗin, Dakta Muthulakshmi Reddy, wadda ta gama karatun likita a 1912, lokacin da mace a ajin likitoci abin kallo ce. Ciwon daji ya kashe ƙanwarta a gabanta. Ba ta yi waƙa ba. Ta yi shekaru tana bin masu mulki da masu kuɗi, har ta buɗe asibitin ciwon daji a unguwar Adyar a 1954, da gadaje 12, kuma yana nan yana aiki har yau a birnin da yanzu ake kira Chennai. A garin da ya yi fim ɗinka wannan matar ta yi aikinta, kuma ni ita ta fi burge ni, wataƙila don ni ma yaya ce.

Ni ba zan iya gina asibiti ba, albashin malamar makaranta ka san iyakarsa. Amma Allah Ya ba ni ƙoda biyu, likitoci kuma sun ce mai lafiya yana rayuwa da guda, kuma ta ɗan'uwa na jini ta fi saurin dacewa. Na yi magana da Abban yara, ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce in dai likita ya tabbatar babu cutarwa, ya amince. Yayanka na Malam Madori ma ya ce a auna shi. Za a duba rukunin jini, a duba dacewar jiki, a duba lafiyar mai bayarwa ciki da waje, kuma likitoci ba sa karɓa daga wanda suka ga zai cutu, don haka kada ka fara yi mini wa'azin 'ya'yana ƙanana ne. Wataƙila a dace, wataƙila a ce tawa ba ta yi ba. Ka dai bari a auna. Batun kuɗi kuma Baffa ya ce a sa gonar fadama ta wajen Auyo a kasuwa in ta kama, gadonmu ce mu duka, kuma mun riga mun yi magana ba ka nan, saboda mun san abin da za ka ce.

Ga yadda muka tsara. Zan shigo motar safe ran Asabar in sauka a wurin Goggo. Ka nemo mana ganin likitanka, ina so in ji bayani da kunnena, kuma ka tambaye shi ko za a iya mayar da wankinka nan Haɗeja, ka dawo kusa da Inna. Zan taho maka da busasshen kifi daga kasuwar kifi, amma sai na ji daga bakin likita ko an yarda ka ci, in an hana Goggo ta gode. Bayan mun dawo, Baffa zai je wurin mahaifin yarinyar ya faɗa masa komai, ya nemi afuwar jinkirin da aka yi. Ya ce ba zai taka zauren ba sai ita ta fara ji daga bakinka, domin ba daidai ba ne ta tsinci labarin a bakin manya. Saboda haka kana da daga yau zuwa Juma'a ka kira ta. In ka kasa haɗa kalmomin, ka ce mata ba ki yi mini laifin komai ba, ba ni da lafiya ne, sauran zai zo da kansa. In Asabar ta yi ba ka kira ba, zan kira ta a wayata ina zaune kusa da kai in miƙa maka.

Ka gaishe da Goggo da mutanen gidan. Ka riƙa shan maganin hawan jinin a kan lokaci, kuma ka bar jiƙon nan da aka aiko maka daga ƙauye, ko wa ya aiko shi.

Wassalam.

Taka har kullum,
Yayarka.